Sule ne ko lamba? Neman sunan "commemorative coin" da Hausa

1/ Jama'a, masu fassara labarai na yawan haɗa "commemorative coin" (kuɗin ƙarfe da ake bugawa don tunawa da wani abu) da "medal" (ƙarfe mai kama da shi amma ba kuɗi ba) su kira su duka "tsabar kuɗi". A ganina akwai gyara, musamman idan labarin ya shafi Birnin Ƙudus.

2/ A farkon 2018, bayan Trump ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila a Disamban 2017, wata ƙungiyar Yahudawa ta buga wani ƙarfe. Gefe ɗaya fuskar Trump ce tare da ta Sarki Sairus na Farisa, ɗaya gefen kuma hoton haikalin da suke burin ginawa a harabar da Masallacin Al-Aƙsa da Ƙubbatus Sakhra suke. Jaridu suka yi ta cewa kuɗi ne. Amma ko ƙosai ba zai sayo maka ba, domin ba gwamnati ce ta buga shi ba.

3/ Na Babban Bankin Isra'ila na 2011 kuwa daban ne. Zinariya ce mai hoton Bangon Yamma, wanda Musulmi ke kira Bangon Buraƙa, an kuma rubuta masa daraja: shekel 20 na kuɗin Isra'ila. Bangon yana Gabashin Ƙudus da Isra'ila ta mamaye a 1967. Hukuma ce ke nan take cewa "nan nawa ne" da bakin kuɗinta. Idan muka ba su suna ɗaya, mai karatu ba zai san wanne ne maganar ƙasa, wanne ne na 'yan ƙungiya ba.

4/ Wani zai ce "lambar yabo". A'a, ita ba ka ake yi don ka yi bajinta, wannan kuwa saye ake yi. "Kwabo" ya yi araha da yawa ga zinariya. "Dala" ta so ta dace, tunda kakanninmu sun san dalar azurfa tun kafin ta Amurka, sai dai yau kowa canji zai tuna.

5/ Shawarata: wanda babban banki ya buga da daraja a jikinsa, SULEN TUNAWA, jam'i sulallan tunawa. Wanda ba shi da daraja, LAMBAR TUNAWA. Na Trump da Sairus lamba ce.

6/ 'Yan uwa na Nijar, ku da dala take nufin sefa 5, "sule" ya zauna a kunnenku, ko kuna da wadda ta fi ta?