Ƙafar gaban EOD ɗina tana ƙara, makanikai uku magana uku

Abban Sadiƙ, Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Don Allah masana mota ku agaza min kafin aljihuna ya ƙarasa hujewa. Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda muke kira EOD, mai silinda huɗu. Tun ƙarshen damina ta fara ƙara a gaba, ɓangaren direba. In na fito daga layinmu, wanda ruwa ya zaizaye ya bar duwatsu a fili, sai ka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal kamar an jefa cokali a gwangwanin madara. Da na hau kwalta na nufi Kabuga, tsit, kamar ba ita ba. In tayoyin gaba biyu suka hau tudun rage gudu tare ba ta cika yi ba, sai in taya ɗaya ce ta faɗa rami.

Sati biyu ke nan kuma wata ƙarar ta shigo. Da safe in ina murza sitiyari a tsaye zan fita daga gida, sai ta yi ƙiiiƙ irin ta tsohuwar ƙofar zaure.

Makanike na farko ko sunkuyawa bai yi ba, ya danna bonet sau biyu ya ce shokazoba ce. Na je Ƙofar Ruwa na sayo biyu 'yan Beljiyam aka ɗaura, wallahi ban kai Gwammaja ba ƙarar ta dawo. Na biyu ya ce rak ɗin sitiyari ne gaba ɗaya. Na uku ya ce haka EOD take, in ƙara sautin rediyo. Ga biki muna da shi a Zariya ranar Asabar, uwargida ta ce ita motar haya za ta bi a Unguwa Uku.

Oga Bala Mai Ƙafa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, uwargida ta fi makanikinka na uku gaskiya. Ƙara biyu ka faɗa, kuma ba abu ɗaya ke yin su ba.

Ta farkon, yadda ka kwatanta ta, ta fi kama da linkej, ɗan siririn ƙarfen nan da ya haɗa sandar sitabilaiza da ƙafa. Sandar, wadda ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, tana murɗawa ne in taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, shi ya sa rami ke tayar da ƙarar amma tudun da tayoyi biyu suka hau tare ba ya tayarwa. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a kwance linkej ɗin, a ɗaure shi gefe da waya yadda ba zai taɓa komai ba, ka zaga layinku a hankali. In ƙarar ta ɗauke ka kama ɓarawo. Wannan ba ta kisa, ciwon kai ce kawai.

Ta biyun ce ta hana ni wucewa ban yi magana ba. Kukan ƙofa a EOD in ana murza sitiyari a tsaye, abin da nake fara dubawa shi ne boljoyin na ƙasa, wato gaɓar ƙarfe mai kan ƙwallo da ta haɗa hannun ƙasa da ƙarfen da ke riƙe taya. A wannan motar shokazoba a kan hannun ƙasa take zaune, don haka nauyin gaban motar kullum yana jan boljoyin ɗin kamar zai zare shi daga gurbinsa. Robar da ta rufe shi tana tsagewa, ruwan damina ya shiga ya wanke giris, yashi ya biyo baya, ƙarfe ya koma cin ƙarfe. Hondojin da kake gani a gefen titi taya ta kwanta kamar raƙumi ya durƙusa, yawancinsu da wannan kukan suka fara.

Ga yadda za ka sa a duba a gabanka. Kada a sa jak a jikin bodi a bar ƙafar tana reto, don a haka sifirin ya danne boljoyin ɗin, mataccen ma sai ya ji tauri. A ƙarƙashin hannun ƙasa ake sa jak, kusa da taya, a kuma tokare motar da kyau. Sai a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar a ɗaga, wani ya haska tocilan yana kallon boljoyin ɗin. Ko wasa kaɗan ka gani, ya gama aiki. Daga nan ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, in da motsi boljoyin ne ko boris. Ka kama ta dama da hagu ka girgiza, in da motsi tayarod ne, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, na waje ko na ciki. Mai cewa rak, ka tambaye shi ko ya yi wannan kafin ya yanke hukunci.

Ɗan Kurna:

Oga Bala ya gama magana. Ni ganau ne. Tawa 2003 ce, wata guda tana min wannan kukan ina cewa sai albashi. Ranar wata Juma'a a shataletalen nan na kusa da mu, ina tafiya kamar mai tura baro, kawai na ji gaban motar ya dira ƙasa. Tayar ta shige cikin fenda, shaf ɗin da ke juya taya ya zare daga giya, man giya ya malale a titi. 'Yan adaidaita sahu suka taru suna min sannu suna dariya. Abin da zan gyara da boljoyin ɗaya sai da ya ci shaf da fenda da kuɗin janwe. Da a hanyar Zariya ce da gudu, da wani ne ke ba ku labarin.

Maman Ilham:

Yaya, kafin a sa maka fargaba da yawa ka buɗe bonet da safe mota na aiki, ka leƙa robar man sitiyari. Tawa in sanyi ya shigo takan yi wuuu in na murza, ashe wata 'yar zoben roba ce a bakin famfon ta bushe iska na shiga, man har kumfa yake. Kuma Honda nata man sitiyarin daban ne, kada yaran gareji su zuba maka jan man giya.

Oga Bala Mai Ƙafa:

Hajiya, maganarki haka take, amma kukan famfo gunji ne daga saman inji, yana ƙaruwa in an taka totur. Nasa daga ƙasa yake fitowa. Alhaji, ka sa yaro ya murza sitiyari, kai ka ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen da boljoyin yake ciki, za ka ji ƙarar tana ratsa hannunka. In kuma wata rana ka ji taƙ-taƙ-taƙ kana shan kwana sitiyari a ƙure, wannan kan shaf ne, ba ya cikin wannan zancen.

Abban Sadiƙ, Ɗorayi:

Allah ya saka da alheri. Yau na je wani garejin daban na tsaya a kansu. Mun kwance linkej na hagu, ashe kansa har ya saki, da yatsa biyu kake juya shi. Da aka sa jak inda Oga Bala ya ce aka ɗaga tayar, da idona na ga boljoyin ɗin yana tsalle a gurbinsa. Robar ta yage, ciki babu giris sai jar tsatsa kamar garin barkono. Jikina ya yi sanyi, don jiya da yara huɗu na dawo daga Islamiyya a cikinta.

Na sa an canza boljoyin duka biyun da linkej, an yi alaimen. Man sitiyari lafiya lau, Maman Ilham. Tsofaffin shokazobana kuwa da na koma karɓa, makanike na farkon ya ce yara sun sayar wa 'yan gwangwan.

Oga Bala, mai garejin ya nuna min babban bushin na hannun ƙasa, robar da ke tsakaninsa da jikin mota, ya fara tsattsagewa. Zai kai ni Zariya ya dawo?

Oga Bala Mai Ƙafa:

In tsagar a fuska take, robar ba ta rabu da ƙarfe ba, kuma ba ka jin gum in ka taka birki, je ka sha biki. Ranar da za a canza shi ka tsaya a kansu kada su ƙarasa ɗaure notin sai nauyin motar ya sauka a kan ƙafarta. In suka ɗaure tana reto, sabon ma murɗewa zai yi ya yage.