Neman shawara: Ƙanwata ta koma magana irin ta 'yan matan anime

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a saka min wannan, a ɓoye sunana.

Autarmu ce, shekararta 14. Tun hutun da ya wuce ta kamu da kallon anime, katun ɗin nan na Japan. Wani mai tura fina-finai a bakin layinmu ne yake cika mata waya. Ni ba baƙuwa ba ce a harkar, na kalli Naruto tun ina sakandare. Amma waɗanda take so daban suke: 'yan mata masu dara-daran idanu da siririyar murya, kullum cikin tuntuɓe da hawaye, sai wani ya zo ya ɗaga su. Ita ta ce tausayinsu take ji, suna burge ta. Ni kuwa wallahi haushi suke ba ni.

Abin da ya dame ni, ta fara kwaikwaya. A ce ta ɗauko tsintsiya, sai ta langaɓar da kai, ta haɗa 'yan yatsunta biyu tana gogawa, ta maƙale murya. Yarinyar da take tuƙa tuwon gidan nan ita kaɗai, yanzu wai murfin kwalba ya gagare ta. Shin ni ce ban fahimci abin ba, ko akwai matsala? In ƙwace wayar ne ko in ƙyale ta?

Ummu Twins: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, auta ce fa. Shagwaɓar tana nan tun kafin anime, salo kawai ta samo. Ki daina kulawa idan ta maƙale muryar, ki ce ba ki ji ba sai ta yi magana da muryarta. Za ta gaji.

Ɗan Zinder: Anti, ba ke kaɗai kike jin haushin ba, ko a cikin masu kallon anime tsohuwar gardama ce. Irin waɗannan 'yan matan su ake ce wa moe, kuma da gangan ake zana su haka. Tun 1943 wani masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, ya bayyana cewa babban kai, manyan idanu da kumatu zagayayyu suna tayar wa mutum da sha'awar kulawa da kārewa, domin siffar jariri ce. Masu zanen sun san wannan sarai. To ƙanwarki ba ta yi laifi ba don ta ji tausayi, an gina abin ne don a ji.

Inda ni nake rabuwa da su shi ne idan raunin shi ne duk abin da yarinyar take da shi. Tunda kin kalli Naruto, ki tuna Hinata. Naruto ya matso kusa da ita sai ta yi ja ta sume. Amma a jarrabawar Chunin ta ƙarin matsayin ninja, ɗan uwanta Neji ya yi mata dukan kawo wuƙa, tana faɗuwa tana tashi. Ranar da mugun nan Pain ya danne Naruto a ƙasa, ita ce ta shiga tsakaninsu, alhali ta san ba za ta iya da shi ba. Wannan kunyarta ba ta ba ni haushi. Wadda take ba ni haushi ita ce wadda za a yi ta kallo daga kashi na ɗaya har na goma sha biyu tana zubar da shayi tana ba da haƙuri, a ƙare yadda aka fara.

Hajjo: Ɗan Zinder ka yi magana, amma ban yarda cewa dole sai yarinya ta yi faɗa sannan za a so ta ba. Ni K-On! na fi kallo idan na dawo daga aiki a gajiye. 'Yan mata ne a kulob ɗin kiɗa na makaranta, shan shayi da cin kek ya fi yawa a kan atisayen. Ba mugu, ba jini. Kamfanin Kyoto Animation ne suka yi shi a 2009, kuma mace ce ta ba da umarni, Naoko Yamada. Yui sakarya ce, na yarda, amma a nan ta koyi jita ta samu ƙawaye. Wani lokacin mutum abin da zai sanyaya masa rai kawai yake nema.

Ɗan Zinder: Hajiya, gaskiya ne. Sai dai mujallar da labarin ya fara fitowa a cikinta, Manga Time Kirara, ta manyan maza ce, kuma da tsakar dare ake nuna irin waɗannan a talabijin ɗin Japan. Wani ɓangare na kuɗin yana fitowa ne daga faifai da 'yan tsana da ake sayarwa a wurare irin Akihabara a Tokiyo. K-On! ɗin ba shi da matsala, amma akwai 'yan uwansa da kyamara take bin jikin yara 'yan makaranta ta hanyar da ba ta dace ba. Wannan ya kamata Anti ta bincika, ya fi maƙale murya muhimmanci.

Malam Abban Sadiq: Nan ne maganar take. Mai turin nan ba ya tantancewa, abin da yake cikin kwamfutarsa yake zubawa. Kada ki ƙwace wayar, za ta koma kallo a wayar ƙawa inda ba ki gani. Ki zauna ku kalla tare, ki san sunayen, wanda bai dace da tarbiyya ba ki goge ki faɗa mata dalili. Sannan ki je ki yi wa mai turin magana da kanki.

Zee Baby: Ni dai a bar min Anya ta Spy x Family. Ita ƙaramar yarinya ce ta gaske, in ta yi kuka ko ta nace sai an ba ta gyaɗa ya dace da ita. Abin da ba na iya jurewa budurwa 'yar shekara 17 tana abin 'yar shekara biyar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba wayar yanzu. Akwai K-On! ɗin da Hajjo ta ambata, da Spy x Family, da Demon Slayer. Ta ce Nezuko ta Demon Slayer ce gwanarta. Sauran sunayen ban san su ba.

Ɗan Zinder: Nezuko ai da sauƙi, Anti. Yayanta Tanjiro yana goya ta a akwatin katako saboda rana tana ƙona ta, ga guntun gora a bakinta ba ta magana, amma idan ta fito da ƙafa take fatattakar dodanni. Ki tambayi autar ko ta taɓa ganin murfin kwalba ya gagari Nezuko. Sai dai Demon Slayer akwai sare kawuna da jini sosai, ki fara kalla ke kaɗai. In kina son wanda za ku kalla tare, ki nemo fim ɗin Spirited Away na darakta Miyazaki, 2001. Chihiro ta fara da tsoro da ƙorafi tana maƙale da hannun mamanta, ta ƙare tana wanke kwamin wanka don ta ceto iyayenta. Sauran sunayen ki turo su nan a duba miki.