Kumbo ko saƙo: wanne aka yarje wa ya fi haske gudu a ƙagaggen labari?

Mai Koyon Rubutu:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya a kan mutanen da suka kafa mazauni kusa da Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowanne kusa da rana, wanda haskensa ke shafe shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso gare mu. Na hana kumbonsu fin haske gudu, amma ina so su riƙa magana da gida nan take. Shin masana za su lamunci wannan, tunda saƙo ba shi da nauyi?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Malam, ba za su lamunta ba, domin iyakar gudu da ta fito daga ƙa'idar Einstein ta 1905, wato babu abin da zai fi haske gudu, ta shafi duk abin da ke ɗauke da bayani, ko da kuwa ba shi da nauyi. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma duk da haka umarnin da ake aika wa kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, sai ya yi kusan kwana guda a hanya.

Babbar matsalar ma ta lokaci ce. Mutum biyu da ke tafiya da gudu daban-daban ba sa daidaita a kan abin da ke faruwa "yanzu" a wuri mai nisa. Idan aka ba su na'urar saƙon nan take, lissafi ya nuna za a iya tsara aike ta yadda amsa za ta riski mai tambaya tun bai buɗe baki ba.

Ɗalibar Lissafi:
Malam, a gafarce ni, to ina batun ƙwayoyin haske biyu masu sarƙaƙƙiyar alaƙa, waɗanda sakamakon awonsu ke dacewa komai nisan da ke tsakaninsu? A kan gwajinsu aka ba da kyautar Nobel ta 2022.

Malamin Kimiyya:
Gaskiya ne, Malama, sai dai mai awo ba ya iya zaɓar sakamakon da zai fito masa, don haka ba shi da hanyar cusa saƙo a ciki. Dacewar ba ta bayyana sai ɓangarorin biyu sun kwatanta takardunsu ta hanyar sadarwa ta yau da kullum. Ko dabarar fin haske gudu da masanin kimiyya Miguel Alcubierre ya kawo a 1994, ta takure sarari a gaban kumbo da buɗa shi a bayansa, tana buƙatar wani irin makamashi da babu wanda ya san yadda za a tara shi.

Tsohuwar Makaranciya:
Ni shawarata ga mai tambaya ita ce ya riƙe jinkirin da hannu biyu. Uwar da ta tambayi lafiyar ɗanta za ta jira fiye da shekara takwas kafin amsa, kuma shugaban mazaunin dole ya yanke hukunci shi kaɗai, domin duk umarnin da ya iso masa ya riga ya tsufa. Idan kuwa dole sai ka saka na'urar, to ka gindaya mata sharuɗɗa tun a babin farko: wa ke riƙe da ita, kuma kalma nawa take iya ɗauka a rana.