An ce saifar jaririna ta tsage, dole sai an cire ta?

Uban jariri, unguwar Zariya, Maraɗi:

Salamu alaikum. Daga bakin ƙofar ɗakin jarirai nake rubuto wannan. Maiɗakina ta sauka ranar Litinin, bakwaini, sati 32 in ji ungozoma. Da ƙafa yaron ya zo, an sha wuya kafin ya fito, nauyinsa kilo 1 da giram 600. Aka sa shi a kwalba. Kwana biyu lafiya lau, har yana karɓar nonon da uwar ke tatsa masa ta siririn tiyo a hanci. Daren Laraba na leƙa ta gilashi, sai na ga tafin ƙafarsa fari fat, cikin ya kumbura yana sheƙi, marainansa sun yi shuɗi. Aka yi masa hoton ciki, likita ya ce saifa ce ta tsage, jini na taruwa. Ƙanena ya ba da jini. Yanzu sun ce za su sa ido, sai in bai tsaya ba za a yi aiki. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Me ya hana a cire ta kowa ya huta? Ga kuma Inna ta dage wai ciwon saifa wanzami ke yi wa tsaga.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Abin da aka gaya maka shi ne daidai. Wannan rauni ba kasafai ake ganinsa ba, hanta ma ta fi saifa samunsa wajen haihuwa mai wuya. Saifa tana da siririyar fata da ta lulluɓe ta. Jinin yakan fara taruwa ƙarƙashin fatar, yaro ya yi kamar ba komai, bayan awoyi ko kwanaki fatar ta fashe. Shi ya sa ka ga kwana biyun nan lafiya. Shuɗin marainan kuma jinin cikin ne ya gangaro.

Ka duba ƙanƙantar abin: bakwaini yana da jini wajen mililita 90 zuwa 100 a kowane kilo. Jinin ɗanka gaba ɗaya wajen rabin kwalbar lemo ne kawai. Don haka ake ƙara masa jini, a ba shi bitamin K, a duba ko jininsa na daskarewa yadda ya kamata, a riƙa auna bugun zuciya da faɗin cikin, a maimaita hoto. Sau da yawa tsagar takan rufe da kanta. In ta ƙi, likitan fiɗa yakan fara gwada ɗinke ta, cirewa ita ce ta ƙarshe. Saifa ce ke tace ƙwayoyin cutar da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu, ita ke taya jiki yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Yaron Maraɗi da ba shi da saifa, kowace damina abin fargaba ce.

Inna kuwa, ka lallashe ta da girmamawa. Kada aska ta kusance shi, kuma ko bayan an sallame ku kada a danna cikin wajen gashin cibiya.

Wata uwa daga Tibiri:

Ɗan'uwa, nawa an cire masa yana shekara 3, bayan ya faɗo daga amalanke. Yana nan da ransa, yana zuwa lakwal. Amma kullum safe da yamma sai ya sha fenisilin, bai taɓa kwana ba gidan sauro ba, allurar rigakafi ko ɗaya ban bari ta wuce ba. Jikinsa na yin zafi, ko da tsakar dare ne, sai asibiti. Da an ba ni zaɓin a jira, wallahi da na jira.

Uban jariri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Da safen nan an sake auna shi, jinin bai ƙara sauka ba, tafin ƙafar ya fara ja. Na karanta wa Inna amsarku, ta yi shiru, sannan ta ce a kai ta ta gan shi ta gilashi. Gobe za a sake hoton. Ku sa mu a addu'a.