Tayar gudu mai araha a motar yau da kullum: abin da kowa ya gani a hanyoyin Garwa, Marwa da Kuseri a arewacin Kamaru

Mai tambaya, ma'aikaci a Garwa

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa ɗaura wa motarsu irin tayoyin nan masu araha, waɗanda masu shago ke kira tayar sipor, wasu kuma su ce tayar gudu, da su faɗa mana abin da suka gani da idonsu bayan sun yi watanni suna takawa. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2008. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa aiki, kuma duk bayan wata biyu nakan je Marwa gaida mahaifiyata. Tayoyin da ke kanta 195/65 R15 ne, kuma biyun gaba sun suɗe har zanensu ya kusa ƙarewa.

Da na je saye, mai shagon ya jawo mini wasu tayoyi masu faɗi, masu gajeren gefe, 225/45 R17, ya ce idan na ba shi tsofaffin wilolina na yi ciko zai ba ni na inci 17, motar ta yi kyau kuma ta riƙe hanya. Kuɗin tayoyin huɗu bai kai kuɗin guda biyu na sanannun kamfanoni ba, kuma wannan ne ya sa na tsaya tunani maimakon in biya. Roƙona ɗaya shi ne kada a kama sunan kamfani ko shago wajen ba da labarin matsala, domin abin da ya sami taya ɗaya a hanya ɗaya bai isa a yanke wa kowa hukunci ba.

Ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Garwa da Ngaundere

Wa alaikumus salam, Malam. Ni na sa su a Toyota Avensis, amma ban sauya girma ba, na tsaya a kan 205/55 R16 da motar ta zo da shi, kuma na yi amfani da su har suka ƙare, saboda haka zan iya ba ka labarin tun daga farko har ƙarshe.

A busasshiyar kwalta ban ga abin kushewa ba. Sitiyari ya fi saurin amsawa fiye da da, kuma a gangaren dutsen nan da ake kira falez, tsakanin Ngaundere da Mbe, inda mutum ke saukowa daga tudun da ya haura mita 1,000 zuwa ƙasar Binuwai ta kwana bayan kwana, motar ta zauna daram, ban ji ta tana ƙoƙarin zamewa waje ba. Na saye su ne a watan Nuwamba, don haka na yi rani guda ina yaba su, har na sa abokan ciniki biyu suka saya.

Ruwan farko ne ya sauya mini ra'ayi. Kun san damina kan riga sauka a Ngaundere kafin ta iso mana Garwa. Wata rana a cikin Afrilu na baro garin da yamma, aka yi yayyafi wanda bai isa ya wanke ƙura da man da manyan motoci suka zubar a kan kwalta ba, sai wata tirela da ke gabana ta rage gudu kwatsam. Na taka birki a tazarar da na saba, na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, alamar ABS, na'urar da ke hana ƙafafu kullewa a birki, ta kama aiki, motar kuma tana ta tafiya kamar an ɗora ta a kan sabulu. Allah Ya kiyaye na tsaya, amma abin da ya rage tsakanina da ƙarfen bayan tirelar bai fi kamu uku ba. Na san ruwan farko yana da santsi ga kowace irin taya, sai dai na yi shekaru ina bin wannan hanya a cikin irin wannan yanayi da wasu tayoyin, kuma ban taɓa jin motar ta ƙi tsayawa haka ba.

Daga baya na fahimci cewa amsar tana manne a jikin tayar tun ranar da na saya, ni ne ban karanta ba. Tayoyin da aka yi domin kasuwar Turai suna zuwa da takardar da Tarayyar Turai ta wajabta tun 2012, wadda ke nuna shan mai, ƙara, da kuma riƙon jiƙaƙƙiyar hanya. Tun daga Mayun 2021 ana ba da makin shan mai da na riƙon ruwa ne daga A, wato mafi kyau, zuwa E. Yanzu idan na ga takardar, hoton girgije da ruwa nake fara dubawa, kuma ba na sauka ƙasa da B.

Sauran abu biyu. Da suka kai wajen kilomita 12,000 sai suka fara wani gurnani wanda har na kai motar gareji ina zaton boris ne ya lalace. Sannan sun ƙare a kusan kilomita 22,000, alhali waɗanda na cire kafin su sun ba ni kusan ninki biyu. Da na zauna na raba kuɗin a kan kilomita, sai na ga arahar ba ta kai yadda na zata ba.

Ma'aikaciyar jinya a Marwa

Malam, ina ba ka shawara da babbar murya kada ka karɓi wilolin inci 17 ɗin nan. Ƙanin maigidana ne ya sa aka sauya mini, da kyakkyawar niyya, kuma gaskiya motar ta yi kyau a ido. Sai dai tun makon farko mahaifiyata ta ce a daina kai ta asibiti a cikinta, domin duk gargadar da aka taka tana jin ta har cikin ƙugunta.

A watan Agusta muna hanyar Mora na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, kuma ba gudu nake yi ba. Da muka sauka muka duba, gefen tayar gaba ta dama ya fito da ƙululu kamar ƙwan kaza, bakin wilin kuma ya lotsa. Muka sa safaya, muka zaga wurin masu taya a Mora, babu wanda yake da wannan girman, sabo ko gwanjo, alhali 195/65 R15 ga su nan jibge. Haka na dawo Marwa a hankali, da yara uku a baya, babu wata safayar idan wani abu ya sake faruwa. Kafin damina ta fita wata tayar ta sake yin ƙululu a cikin gari. Na mayar da wilolina na asali, kuma tun daga lokacin ban sake ganin irin wannan ba.

Mai faci, fiye da shekara ashirin a bakin aiki a Garwa

Hajiya, Allah Ya ƙara kiyayewa. Abin da ya same ki a kullum muna ganinsa, kuma lambobin da ke jikin tayar sun riga sun faɗi dalili. A 195/65 R15, lambar farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na wannan faɗin, wato kashi 65 cikin 100 na 195, kusan milimita 127. A 225/45 R17 da aka nuna wa Malam, gefen milimita 101 ne kawai. Tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, shi ya sa take shiga ba tare da ta taɓa jikin mota ba, amma an cire sama da santimita biyu da rabi na roba da iska an maye gurbinsu da ƙarfe. Idan ƙafa ta faɗa rami, wannan robar da iskar su ne ke shanye dukan. In sun yi kaɗan, sai bakin ramin ya matse gefen tayar da wili, zaren da ke ciki ya tsinke, iska ta turo robar waje. Wannan ƙululun ba ya faci, duk wanda ya ce zai gyara maka shi yana wasa da ranka ne. Taya mai tsada ma tana yin haka idan gefenta gajere ne, sai dai ta fi daɗewa kafin ta yi.

Amma ni ban yarda a ce duk sabuwar taya mai araha ba ta da amfani ba. Mutane na yawan cewa araha ba ta ado, daga nan sai su wuce su sayi gwanjon Turai saboda sunan da ke jikinta, ba su duba shekarunta ba. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 3523 yana nufin mako na 35 na 2023. Manyan kamfanoni da kansu suna cewa a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da zanenta yana nan. Sau da yawa ana kawo mini gwanjo mai zane zur, in tanƙwara gefenta da hannu in nuna wa mai ita ƙananan tsagogi kamar faso. Wasu kuma tayoyin hunturun Turai ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a ciki, waɗanda aka yi robarsu da laushi domin sanyi. Irin wannan idan ta hau kwaltar Garwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ba ta jimawa take cinyewa, kuma birkinta ba ya kai na tayar da aka yi domin zafi.

Harafin gudu kuwa, wanda masu shago ke tallata tayar sipor da shi, bai kamata ya ruɗe ku ba. Shi ne harafin da ke nuna iyakar gudun da taya za ta iya ɗauka: H yana nufin kilomita 210 a awa, V 240, W 270, kuma babu mai yin wannan gudu a hanyar Figil da Gidar. Lambar da ke zuwa kafin harafin, kamar 91 a 91H, ta fi shafar mu, domin ita ce ta nauyi: 91 kilo 615 ne ga kowace taya, 88 kuma kilo 560. Mu da muke cika mota da mutane, mu ɗora buhun masara da albasa a but, kada mu sauka ƙasa da lambar da kamfanin motar ya rubuta.

Mafi yawan tayoyin da na ga sun fashe a kan hanya ƙarancin iska ne ya kashe su. Akwai direbobin da ke sace iska da tsakar rana wai don kada zafi ya fasa taya, alhali taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwashewa tana ƙara zafi har ta rabu. Iska kan ƙaru da kanta idan taya ta yi zafi, kusan bar 0.1 a ma'aunin iska a kowane digiri 10, kuma masu ƙera ta sun san da haka. A auna da safe kafin a yi tafiya, a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Idan kuma zanen tayar mai kibiya ne, a tabbata kibiyar tana kallon gaba a kowane gefe, domin na sha karɓar mota an ɗaura mata a juye, mai ita yana kukan santsi a ruwa.

Matashi mai aiki a Njamena, mazaunin Kuseri

Baba mai faci ya gama magana, sai dai ina so in faɗi nawa ɓangaren domin a yi wa tayoyin adalci. Kullum nakan tsallaka gadar Ngeli in tafi aiki in dawo, kuma tafiyata kusan duk a kan kwaltar gari ce. Na sa sababbi masu araha a girman da motar ta zo da shi, yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma ban da ƙusa sau biyu babu abin da ya same su. Kafin su gwanjo nake saye, kusan duk wata huɗu sai na koma wurin mai taya. A ruwa na lura suna buƙatar tazara, don haka nake ba da ita. Abin da ba zan yi ba shi ne in ɗauke su in bi hanyar Dabanga da Waza da kaya a cikin damina ba tare da safaya biyu ba.

Yaya, tunda biyun gaba ne kawai suka suɗe maka, me zai sa ka sayi huɗu? Sai dai ina so Baba ya faɗa mana inda ya kamata a sa sababbin, domin na ji ana gardama a kai.

Mai faci

A baya ake sa su, ɗana, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Na san yawancin masu mota ba sa son jin haka, har wasu kan yi fushi su ce in mayar musu gaba. Idan gaba ta zame a ruwa, direba yana ji a sitiyari, ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta dawo hanya. Idan baya ta zame, motar juyawa take yi, kuma ba kowane direba ne zai iya kamo ta ba. Sharaɗin shi ne tsofaffin da za a dawo da su gaba su kasance da sauran zane sosai, sama da ɗan tudun nan da ke cikin kwarin zanen, wanda ke nuna milimita 1.6, kuma shekarunsu ba su ja ba.

Mai tambaya

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma shagon na ce a bar mini wilolina. Na sayi guda biyu sababbi masu matsakaicin kuɗi, 195/65 R15 91H, na tsuguna na karanta lambobin DOT da kaina na ga ba su cika shekara da yi ba, takardar da ke jikinsu kuma ta nuna B a riƙon ruwa. An sa su a baya, an dawo da na bayan gaba, an kuma daidaita ƙafafun, inda aka gano cewa ta hagu ta karkace, wanda shi ne ya sa tsohuwar ta fi cinyewa ta ciki.

Ranar Asabar na je Marwa na dawo Lahadi, ruwa ya same ni bayan na wuce Figil, na rage gudu na ba da tazara, kuma motar ba ta yi mini wani abin da ya tayar da hankalina ba. Na rubuta lambar kilomita ta ranar da aka ɗaura su a cikin littafin da nake ajiyewa a motar. Alhaji ɗan kasuwa, in Allah Ya kai mu suka cika kilomita 12,000, zan saurara in ji ko gurnanin da ka ambata zai fito, in zo in faɗa muku.