Ogzilarin Hilux ɗina ya ƙi kama tayoyin gaba

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar mota a taimaka min da shawara.

Tsohuwar Toyota Hilux ce ta dizal, mai ƙaramin liba na ogzilari (giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja) mai H2, H4 da L4, kuma tayoyin gaba suna da makullin da ake murɗawa da hannu daga FREE zuwa LOCK. Da ita nake kwaso hatsi daga ƙauyukan Sandamu da Zango zuwa Daura, kowa kuwa ya san yashin hanyoyin nan.

Liba na shiga H4 lafiya lau, fitilar dashbod ma tana kamawa, amma da na faɗa yashi tayoyin baya kaɗai ke haƙa, na gaba ko motsi. Na leƙa ƙarƙashi yayin da ƙanena ke ba ta wuta a hankali, na ga firofelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, tana juyawa. Da muka ɗaga tayar hagu da jak, makulli na kan LOCK, sai ta riƙa juyawa sakaka da hannu tana ƙas-ƙas. Ta dama kuwa ta cije.

Bakanikena ya dage sai an sauke giyabos. Hankalina bai kwanta ba, tunda firofela na juyi ai ƙarfin yana fitowa, kuma aikin ba ƙaramin kuɗi zai ci ba ga kaka ta ƙarato.

Shin makullin hagun ne busasshen giris ya riƙe, ko haƙoransa sun cinye? Ko sandar cikin aksul ce ta karye? Ta yaya zan bambance kafin in aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo kaya?