Asabarin lantarki da uwar makunni: ku taya ni tsayar da suna

Masu sana'ar wayarin da malaman Hausa, don Allah ku matso kusa, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Mun yi aiki a wani gida a Tunfure, nan Gombe. Falo ne mai tagogi shida, uku suna kallon yamma. Duk wanda ya san ranar Gombe a watan Maris da Afrilu ya san daga la'asar ba a zama kusa da irin wannan taga. Maigidan ya sayo abin nan da ake naɗewa a jikin bututu, inji yana ɗaga shi yana sauke shi, wanda 'yan kasuwa ke kira "rola bulain". Da muka gama, Hajiya ta ce: "Malam, ka rubuta mini sunan kowane makunni da Hausa a jikinsa, don yara da mai aiki su gane." Na ɗauko biro da salatif, sai na ga babu sunan da zan rubuta. Na roƙe ta ta ba ni mako guda.

Shi kansa abin tukuna. Yaran shagona "labulen rimot" suke cewa. Ban karɓa ba, domin na gidan nan ba shi da rimot, waya muka ja masa ta cikin bango. "Labulen lantarki" ya fi kusa, amma labule zuge shi ake yi gefe, kuma akwai na lantarki mai tafiya a kan dogon ƙarfe, kayansa daban, injinsa daban. Wannan kuwa naɗewa yake yi sama.

Sai na tuna ɗakin kakata a Kumo. A bakin ƙofarta akwai asabari, siraran karare da aka jera aka saƙa da igiya. Da safe ta naɗe shi sama ta ɗaure, rana ta take ta kwance ya sauko, iska na shiga, haske na ratsowa kaɗan-kaɗan, na waje ba ya ganin na ciki. Aikin ke nan, ba ragi ba ƙari. Don haka ni dai na tsaya a kan asabarin lantarki.

Wani malamin makaranta da na gwada wa sunan ya ce ai asabari na ƙofa ne, ba na taga ba. Na ce Malam, gaskiyarka, amma jirgi ma da can na ruwa ne kaɗai, yau ga na ƙasa ga na sama, ba wanda ya rikice.

Injin da ke cikin bututun kada mu ce masa "mota", kowa Honda zai hango. Injin bututu ya isa.

Inda na fi neman taimakonku shi ne makunnan, abin da muke cewa "santaral" (mai sarrafa duka tagogin) da "lokal" (na kowace taga). Bari in faɗi yadda aikin yake, don wanda ba ma'aikacin wuta ba ya iya sa baki.

Injin da muka saka yana cin wutar gida ce, bolt 230. Wayoyi huɗu ke fitowa daga jikinsa: shuɗiya ita ce nutural, mai ratsin kore da ɗorawa ta ƙasa ce, sai ruwan ƙasa da baƙa, ɗaya tana juya shi ya naɗe, ɗaya tana juya shi ya warware. Makunnin da ke gefen kowace taga yana da sama, tsaya, ƙasa, kuma an ƙera shi yadda ba zai taɓa ba wa wayoyin nan biyu wuta lokaci guda ba. Shi ya sa makunnin fitila ba ya wannan aiki. Sannan akwai guda ɗaya a bakin ƙofar falo, wanda in an danna shi duka shidan suke tashi ko su sauka tare.

Mai sabon hannu zai ce ai da sauƙi, a tattara wayoyin injinan a murɗe su a kan makunni guda. A nan ake ɓarna. A cikin kowane inji akwai kafasita tsakanin wayar naɗewa da ta warwarewa, irin wadda kuka sani a fanka. In aka haɗa injina biyu kai tsaye, wanda ya riga isa iyakarsa zai tsaya, amma ɗan'uwansa da ke kan tafiya zai turo masa wuta ta ɗaya wayar. Na ga haka da idona shekarun baya, ranar da wani yarona ya yi wannan haɗin ban duba ba: asabari ya kai sama, ya ɗan dawo, ya sake komawa, yana ƙyat-ƙyat, har abin da ke tsayar da shi a ciki ya ƙone. Daga aljihuna na biya injin. Hanyar da ta dace ita ce kowane inji a ba shi rilensa, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, ba hannu ba. Makunnin taga ya yi magana da rile ɗaya, na bakin ƙofa ya yi magana da dukkansu, amma wutar wani inji ba ta ƙetarawa wurin wani.

To, me za mu kira na bakin ƙofar?

"Babban makunni" shi ya fara zuwa bakin kowa, ni kuma shi na fi tsoro. A gidajenmu babban makunni shi ne na kusa da mita ko canjoba, wanda ke yanke wutar gida gaba ɗaya. Ranar da waya ta kama hayaƙi uwa ta ce wa yaro "ruga ka kashe babban makunni", bai kamata ya tsaya tunanin wanne ake nufi ba. Wannan suna yana da mai shi, a bar masa.

"Makunnin tsakiya" kuma fassarar "santaral" ce kawai. Ka faɗa wa mai aiki haka, za ta je ta danna na tsakiyar jeri.

Abin da ya kwanta mini shi ne uwar makunni. Muna da uwar garke, muna da uwar kuɗi, Bahaushe ya saba kiran abin da saura ke bi da uwa. Kuma sunan yana koyar da aikin: uwa tana kiran 'ya'yanta duka su amsa, amma kowane ɗa da ɗakinsa.

Na gefen tagar ba zan ce "lokal" ba, don a bakinmu ɗan lokal kayan araha ne mara ƙarko. Makunnin taga kawai. Rilen da ke raba injinan kuwa ina so mu ce masa rilen shamaki. Yaron da ya ji "kowane inji da shamakinsa" tun ranar farko da wuya ya yi kuskuren da ya ci mini kuɗi.

Saura guda ɗaya ban samo ba. A kan injin akwai wasu 'yan sukurori biyu da ake juyawa da siririn maɓuɗi, ɗaya ya tsayar da asabarin in ya kai sama, ɗaya in ya kai ƙasa. Wasu abokan aiki "birki" suke cewa, amma injin yana da birkinsa na daban, wanda ke riƙe nauyin asabarin kada ya zame in an ɗauke wuta. Ni ina tsakanin "ma'aunin iyaka" da "matsaya". 'Yan'uwa na Bauchi, musamman masu shago a wajen Wunti, ku me kuke ce masa? Ranar Asabar zan koma Tunfure da biro da salatif, na yi wa Hajiya alkawari.